Hanyar Ndikinimeki, Ƙasar Masu Harshen Tunen

Motocin da ke tashi daga Yawunde zuwa yammacin Kamaru suna bin babbar hanya mai lamba 4, wadda ta ratsa Obala da Bafiya ta dire a Bafusam. Mai zuwa Ndikinimeki ita zai bi, tafiyar kimanin kilomita 180. Na tashi daga unguwar Briketeri, inda Hausawan Yawunde suka fi yawa, na kama motar safe. Ta yamma takan kai mutum da dare, baƙo kuwa bai kamata ya sauka a mararraba cikin duhu yana neman ɗan acaba ba. Takardar shaida a bar ta a aljihun gaba, kada a cusa ta cikin jaka, domin za a tambaye ta fiye da sau ɗaya kafin a isa.

Harshen Tunen ne ya kai ni. Mutanen sunansu Banen, mutum ɗaya Munen, harshen kuma Tunen. A rabon da masanin harsuna Malcolm Guthrie ya yi wa harsunan Bantu, wato babban dangin harsunan da Swahili ke ciki, shiyya-shiyya, lambarsa A44, wato yana can ƙuryar arewa maso yamma, kusa da iyakar Najeriya da Kamaru inda masana suke ganin daga nan Bantu suka bazu. Kiyasin 1982 ya ba da masu magana da shi kimanin 35,000. Wanda ya san Bantu ta hanyar Swahili kawai, ya ajiye rabin abin da ya sani a tashar mota, don a nan ba zai yi masa aiki ba.

Hanyar kanta darasi ce ga mai buɗe kunne. A Yawunde Ewondo ake yi, a Obala Eton, kuma su biyun 'yan ɗaki ɗaya ne. Da an haye doguwar gadar kogin Sanaga a Ebebda sai magana ta juya. An shiga yankin Mbam ke nan: Nugunu a Ombesa, Rikpa a Bafiya, sannan Tunen. Daji ma yana sauya kama, kurmi ya buɗe ya zama fili mai ciyawa, can kuma ya sake rufewa, ga gonakin koko a ƙarƙashin manyan itatuwa. Bafiya ce hedikwatar gundumar Mbam da Inubu, kimanin kilomita 120 daga Yawunde, kuma nan ya kamata a sayi batura da ruwan sha, a kuma canza manyan takardun kuɗi zuwa ƙanana.

Mazauna garin ba sa wahalar da kansu da dogon sunan, Ndiki kawai suke cewa. Abu na farko da za a tambayi duk wanda zai zauna aikin harshe da kai shi ne inda ya tashi da inda mahaifiyarsa ta fito. Dalili kuwa, ƙasar Banen ta miƙa kudu har Yingi da kurmin Ebo, kuma a rikicin da ya biyo bayan neman 'yancin kai, wajajen 1960, an tashi ƙauyuka da yawa na cikin kurmin, jama'arsu suka watsu, da dama suka zauna a Duwala. Saboda haka za ka sami dattijon da Tunen ɗinsa ya sha harsunan Basaa da Duwala, ka sami wanda bai taɓa barin Ndiki ba. Duk biyun maganarsu ingantacciya ce, amma idan ka zuba su a shafi ɗaya ba tare da alama ba, daga baya za ka ga bambancin karin harshe ka ɗauka wata ƙa'idar nahawu ce.

Kayan aikin ba su da yawa. Na'urar ɗaukar murya da ke ajiye sauti a tsarin WAV, ba MP3 ba, domin matsewar MP3 tana cinye raunanan sautuka, su kuwa a Tunen su ake nema. Makirufo na ɗaurawa a kai, a gefen baki da tazarar yatsu biyu zuwa uku, don kada iskar f da h ta riƙa bugunsa. Littafi mai kaurin bango da fensir. Ɗakin da za a zauna kada ya zama mai rufin kwano marar sili, musamman daga Satumba zuwa Nuwamba lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, domin yayyafi kaɗan ya isa ya lalata ɗauka. A nisanci bakin titi saboda babura. Zama ɗaya kada ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Bayan haka kunnen mai tambaya da bakin mai amsa duk sun gaji, sai a shiga amincewa da kowane kari don a gama.

Baƙaƙen Tunen ba su ba Bahaushe wahala ba. Babu ƙ, babu ts. D da g ba sa tsayawa su kaɗai, sai bayan ɗan hanci, kamar a nd da ŋg. B da p ba sa raba ma'ana: wani ya furta kalma da b, wani da abin da ya fi kusa da p, kuma kalma ɗaya suke nufi, don haka kada a ɓata lokaci ana neman tagwayen kalmomin da za su raba su. Sabon abu ɗaya shi ne ŋ a tsakanin wasula. Mu muna furta shi a ƙarshen kalma kamar "nan" da "can", amma ba mu saba bin sa da wasali ba.

A wasula gizo ke saƙar. Rubutun da Banen suke amfani da shi yau, wanda aka gina kan haruffan bai ɗaya na harsunan Kamaru na 1979, yana da bakwai: a, ɛ, ə, i, ɔ, o, u. Sun kasu gida biyu. A gida ɗaya ana tura gindin harshe gaba, maƙogwaro ya buɗe, murya ta fito da zurfi: i, ə, o, u. A ɗaya gidan harshe yana nan a sake: ɛ, a, ɔ. Ƙa'idar ita ce kalma ɗaya ba ta haɗa gidajen biyu, kuma gidan farko shi ke da rinjaye. Wasali ɗaya daga cikinsa idan ya shiga kalma, kamar ɗigon shuni ne a ƙwaryar ruwa, duka sai ta rine: ɛ ya koma i, a ya koma ə, ɔ ya koma u ko o. Wannan "u ko o" shi ya raba kan masana. Wasu suna ƙirga wasula bakwai, wasu takwas, suna cewa abin da ake rubutawa ɔ a gaskiya wasula biyu ne da suka kusa haɗewa a furuci, ɗaya abokin u, ɗaya abokin o. Ni na fi karkata ga masu takwas, domin ita ce hanyar da ke bayyana dalilin da ya sa sauti ɗaya a kunne yake yin hali biyu a nahawu.

Tarkon Bahaushe yana tsakanin a da ə. Gajeren a namu, irin na "daga" ko "gada" a saurin magana, yana faɗawa ne tsakanin su biyun, kuma tun muna yara kunnenmu ya koyi ɗaukar duk wannan fili a matsayin wasali ɗaya. A Tunen kuwa baná, 'ya'ya, da bəndú, mata, ɗafa-goshi ɗaya suke da shi, na jam'in mutane, saiwar ce ta juya shi. A ta farko saiwar tana da a, sai ya zauna ba-. A ta biyu tana da u, sai ya zama bə-. Wanda ya rubuta duka biyun da ba- ya shafe ƙa'idar da hannunsa.

Maganin wannan ba ƙara kasa kunne ba ne. A bar ɗafa-goshi ya yi aikin. Idan ka yi shakkar wasalin wata saiwa, nemi tilonta da jam'inta, ka dubi abin da ya zo a gaba, domin bambancin ɛ da i, ko ɔ da u, ba ya ɓuya ga kowa. Tsuntsu hinoní ne, tsuntsaye tunoní. Tunda aka ji hi- da tu-, ba hɛ- da tɔ- ba, an san wasalin tsakiya o ne na gidan rinjaye, ba ɔ ba. Ƙaramin yaro kuwa hɛlɔ́batɔ, rukunin suna ɗaya da tsuntsu, amma da hɛ-. Gwajin yana da iyaka guda: sai saiwar ta fara da baƙi. Idan da wasali ta fara, wasalin ɗafa-goshin yakan zame ya zama y ko w. Kaza ana rubuta ta miɔkɔ́, ana furta ta kamar myɔkɔ́, kuma i ɗin da ke ciki ba shaida ba ne na komai.

Rinin ba daga saiwa kaɗai yake tasowa ba. Ɗafa-ƙeyar sa wani ya yi aiki, -i, yana komawa baya ya juya aikatau gaba ɗaya: falab, gina, ya zama fələbi, sa a gina. A saurin magana har ƙananan kalmomin da ke gaba, kamar alamar lokaci, sukan bi sahu.

Sai kari. Biyu ne, na sama da na ƙasa, kuma a rubutu na sama kaɗai ake yi wa alama. Nan Bahaushe ya fi Bafaranshe sa'a, domin wanda ya san bambancin "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa ba sai an rantse masa cewa kari na raba ma'ana ba. Wani dattijo da muka yi aiki da shi, idan na kasa kama karin kalma, sai ya daina furta ta, ya yi ta da fito, gaɓa-gaɓa, yana ɗaga yatsa yana saukewa. Dabara ce da masu binciken harsuna suka daɗe suna amfani da ita, amma tana buƙatar mutumin da ya gane cewa tashin murya ake nema, ba ƙarfinta ba. Ba kowa ke iyawa ba, kuma ba ruwanta da yawan karatun boko.

Abin da ya fi ɓata wa mutane aiki a Tunen shi ne ƙarshen magana. Idan kalma ta zo daf da inda za a yi shiru, wasalinta na ƙarshe yakan zama raɗa ko ya faɗi gaba ɗaya, karin sama na ƙarshe kuma yakan sauka. Kalmar da aka furta ita kaɗai kuwa kullum a ƙarshen magana take. Ma'ana, wanda ya zo da jerin kalmomi 200 na Faransanci yana tambaya ɗaya bayan ɗaya, zai koma gida da kalmomi 200 masu yankakken wutsiya, yawancinsu da karin da ba nasu ba. Sunan harshen ma haka ya same shi: a tsakiyar jimla tunəni ne, a ƙarshe ya zama tunən. Idelette Dugast, Bafaranshiyar da ta daɗe a cikin Banen ta fitar da ƙamus a 1967 da nahawu a 1971, ta rubuta kalmomi da yawa a gajeren siffarsu, rubutun yau kuwa yana maido da wasalin. Mai kwatanta tsohon aiki da sabo ya san da wannan, kada ya ɗauka harshen ne ya canza cikin shekara hamsin.

Hanyar kauce wa matsalar ita ce a sa kowace kalma cikin jimlar da ba ta canzawa, ta yadda wani abu zai biyo bayanta. A nan tsarin jimlar Tunen da kansa ya kawo sauƙi, kuma shi ne abin da ya sa sunan harshen ya fita a tsakanin masana.

A Swahili, "na gan shi" game da littafi kalma ɗaya ce, nilikiona: ni- mai gani, -li- lokaci, -ki- abin da aka gani, -ona aikatau, duk a manne. Yawancin Bantu haka suke, kuma karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, yana bin bayan aikatau. Tunen ya tsinke wannan igiya. Lamirin aikau da alamar lokaci sun koma gefe guda, aikatau gefe guda, kuma babu alamar karɓau a jikin aikatau sam. Wannan rabin bai zama baƙo gare mu ba, don haka Hausa take: "ya" dabam, "ba da" dabam. Bambancin shi ne Tunen yana zuba karɓau a cikin ramin da ke tsakani.

A ná mɔnɛ́ índi: ya ba da kuɗi. Kalma bayan kalma, "ya kuɗi bayar".
Mɛ́ ndɔ tunəni ɔ́kɔ: ina jin Tunen.

Wanda ya zauna da Zabarmawa zai ji abin kamar ya saba, domin su ma "a na feeji wi" suke cewa, ya tunkiya kashe. Kamannin a ná da a na dai katari ne kawai, ba dangantaka ba. A cikin ɗaruruwan harsunan Bantu, Tunen ne aka fi sani da riƙe wannan tsari a ko'ina, a kowane lokaci, a tabbatarwa da korewa, a babbar jimla da ƙarama. Ko a amsar tambaya irin "me ka saya?", inda abin da aka saya shi ne sabon labari, yana nan a gaban aikatau. Yakan koma baya ne idan ana ware shi daga wasu, tare da ƙaramar kalma á: a ná índi á mɔnɛ́, kuɗi ne ya bayar, ba wani abu ba. Galibin masu bincike suna ganin tsarin a cikin harshen ya tsiro, ba gado ba ne daga tushen Bantu.

To, ga jimlar gwajin suna ta samu: mɛ́ ndɔ … sinə, ina ganin abu kaza. Duk sunan da aka sa a tsakiya zai fito da wasalinsa na ƙarshe da karinsa. A maimaita da mɛ ná … sinə, domin ná karin sama ne kuma yakan iya shafar gaɓar da ke biye, sai a kwatanta biyun. Aikatau shi ne mai wuya, tunda wurin zamansa ƙarshen jimla ne. Dole a ƙara masa wani abu a baya, misali ɔ nioní, a kasuwa, ko da ma'anar ta yi ban dariya. Masu amsa za su yi dariyar, a bar su su yi, sannan a ɗauka.

A lura da mɛ da mɛ́ a waɗannan jimloli. Lamirin "ni" karin ƙasa gare shi. Alamar lokaci mai ci, ndɔ, tana tafe da wani karin sama da ba shi da wasalin kansa, sai ya hau kan lamirin da ke gabansa. Shuɗaɗɗen lokaci kuwa hawa huɗu ne, gwargwadon nisa: nɔ́ ga abin da ya faru yanzun nan, ná ga na ɗazu a yau, ka ga na jiya da kwanakin baya, lɛ ga na can da daɗewa. Mai zuwa ŋɔ. Hausa ba ta auna nisa haka, "na tafi" ɗaya ce ko yanzu ko bara, sai mu ƙara "ɗazu" ko "jiya". Saboda haka kada a tambayi "ya tafi" tsurarta. A gina yanayi: ya tafi kafin ka shigo ɗakin nan, ya tafi da asuba, ya tafi ranar kasuwar da ta wuce, ya tafi zamanin Jamusawa.

Rukunan suna suna nan da ransu, kusan goma sha uku, bibbiyu tilo da jam'i. Mɔndɔ mutum, bɛndɔ mutane, 'yan uwan mtu da watu na Swahili. Bɔlɛ́á itace, malɛ́á itatuwa. Ruwa mənífə́, a rukunin ma- da Bantu suka saba zuba abubuwa masu gudana. Nunau da lamirin mallaka suna zuwa kafin suna, sifa da adadi bayansa, kuma kowanne yana ɗaukar alamar rukunin: bɛndɔ báfandɛ́ mutum biyu, tunoní tɔ́fandɛ́ tsuntsu biyu. A duba na biyun da kyau. Sunan yana da tu-, adadin yana da tɔ́-, domin rukuni daga suna yake zuwa, amma launin wasali daga saiwar adadin.

Akwai kuma abin da ban taɓa gajiya da jinsa ba. Na baje hotunan tsuntsaye a kan tabarma na tambayi wata mata nawa take gani, na ce, "Mama, ki faɗa da cikakkiyar jimla." Ta ce mɛ́ ndɔ tunoní sinə tɔ́fandɛ. Suna a gaban aikatau, adadinsa a baya, aikatau ya raba su: "ina tsuntsaye gani biyu". Sifa ma tana yin haka. Cikin misalan da aka daɗe ana kawowa akwai mɛ ná imitə́ yɛ mwənífí índi mɛŋɛ́ŋ ɔ hɛlɔ́batɔ, na ba yaro babbar ƙwaryar ruwa, inda "babba" ta tsallake aikatau ta bar ƙwaryar a baya. Ba ruɗani ke biyo baya ba, tunda alamar rukuni tana nuna wace kalma ce ta wace. Irin wannan jimla ba ta cika fitowa idan fassara ake yi daga Faransanci, domin mai amsa yakan bi sawun jimlar da aka ba shi. Hoto, tatsuniya, da hirar mutum biyu da aka bari suka manta da na'ura, su ke fito da ita.

Sauran ɗafe-ɗafen aikatau na Bantu suna nan: -ɛn ko -in na yi wa wani, -ak ko -ək na aikin da ya ɗauki lokaci ko aka maimaita. Wanda ya ɓace shi ne -w- na aikin da ba a ambaci mai yinsa ba. A madadinsa sukan ce bá, "su", ba tare da nufin kowa ba, daidai da "an" namu a "an kama shi". Akwai kuma ɗafa-goshi bɛ́- ko bí- na aikin da ya koma kan mai yinsa, kamar wanke jiki.

Daga Ndiki na ci gaba zuwa Makenene, tafiya kaɗan a kan hanyar nan mai lamba 4. Nan motocin Bafusam ke yada zango, bakin titi cike da hayaƙin gasasshiyar ayaba da tsire, kuma a wajen masu tsiren ana ciniki da Hausa da Fulatanci ba tare da an nemi tafinta ba. Harshen asalin wurin Nyokon ne, A45, kuma shi ma yana sa karɓau gaban aikatau, sai dai a wasu lokutan nahawu kawai, a wasu ya mayar da shi baya. Wanda ke son gano yadda tsarin Tunen ya faro, nan ya kamata ya yi zamansa na biyu. Gaba kaɗan hanya ta fara hawa tsaunukan Bamileke, zuwa Bangangte, inda harsunan suka fita daga lissafin Guthrie.

Yankin Mbam yana da wata igiya da ta miƙo har gida. Harsunan Jarawa na jihar Bauchi, irin su Bankal da Duguri, da Mbula na Adamawa da Kulung na Taraba, dangin Bantu ne da suka zauna a tsakiyar harsunan da ba nasu ba, kuma masanin harsuna Roger Blench ya kawo hujjar cewa makusantansu su ne harsunan Mbam na rukunin A60, wato dangin Nugunu na Ombesa. A can tsarin rukunan suna ya mutu, ɗafa-goshin ya daskare a jikin wasu kalmomi ba ya sauyawa, kuma a garuruwa da yawa yara sun koma Hausa. Gwajin ɗafa-goshi da ya yi aiki a Ndiki ba zai yi a Dass ta Bauchi ba, amma jimlar gwaji da fito da rabon lokuta duk za su yi, kuma harshen da za a yi tambayar da shi a can Hausa ce.